Me ya sa aka ta da ƙura kan Padmaavat, aka ƙyale Kama Sutra?

Sarkin_Kallo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ke ɗaure min kai game da 'yan kallon Indiya. A 1996 Mira Nair ta yi Kama Sutra: A Tale of Love, labarin soyayya a fadar wani sarki a ƙarni na 16, kuma tsiraici ne a fili, ba kwana-kwana. Hukumar tace fina-finai ta riƙe shi, aka yi ta ja-in-ja, amma da ya fito a Indiya a 1998 ba a yi irin tarzomar da muka gani daga baya ba. Shekara ashirin bayan nan sai ga Padmaavat, wanda jarumar a lulluɓe take daga ka har ƙafa, ita da bos ɗin fim ɗin ko magana ba ta haɗa su ba, amma aka mari darakta, aka ƙona kayan aiki, har aka sa ladan kuɗi a kan wanda ya kawo kan Deepika Padukone, jarumar fim ɗin. Ni dai a ganina ba tsiraici ne ke damun mutanen nan ba. To in ba shi ba ne, mene ne?

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam. Malam Sarki, tambayar da za ka yi wa kowane fim irin wannan ita ce: matar nan da ke cikinsa, kakar wa ce? Maya da Tara na Kama Sutra ƙagaggu ne, sarkin ma ƙagagge, masarautar ba ta da magada. Babu wanda zai buga ƙirji ya ce an tona asirin gidansu. Padmini kuwa, sarauniyar da Padmaavat ke ba da labarinta, 'yan Rajput, ƙabilar sarakunan yaƙi ta yankin Rajasthan, uwa suka ɗauke ta, suna kai ziyara inda aka ce ta faɗa wuta a ganuwar Chittor. Abin mamakin shi ne ita ma tarihinta ba shi da ƙarfi. Alauddin Khilji, sarkin Delhi, wanda shi ne bos ɗin fim ɗin, ya ci Chittor da yaƙi a 1303, wannan tabbas ne. Mawaƙin fadarsa Amir Khusrau yana cikin tawagar, ya rubuta labarin yaƙin, bai ambaci wata sarauniya Padmini ba. Sunanta ya fara fitowa ne a waƙar da Malik Muhammad Jayasi ya rubuta a 1540, shekara 237 bayan yaƙin, kuma shi Jayasi basufe ne, waƙar cike take da ishara. Amma mutum ba ya tambayar takarda kafin ya kare mutuncin kakarsa.

Yar_Damagaram:
Gyara kaɗan, yaya Sarki. Ba a lulluɓe ta fito tun farko ba. Waƙar Ghoomar da aka saki a Oktoba 2017, cikinta a buɗe yake tsakanin riga da siket, irin shigar da aka saba gani. Wadda aka haska a sinima ce aka rufe da kwamfuta. Ka ga ashe fatar jiki ma tana cikin lissafi.

Sarkin_Kallo:
Na karɓi gyara, ƙanwata. Amma tafin hannu ɗaya na ciki fa ake magana. Ki kwatanta da abin da ke cikin ɗayan fim ɗin.

Edita_Zoo_Road:
Tafin hannun nan ba ƙaramin aiki ba ne wajen rufewa. Fim yana tafiya da firam 24 a daƙiƙa, wato 1,440 a minti guda. Ba fenti ake shafawa sau ɗaya a huta ba. Da farko sai an ware duk ɗaukar da cikin ya fito. Sai a bi gefen riga da gefen siket a zana iyakarsu firam bayan firam, domin tana juyawa ne, iyakar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Sai a ɗinka yadin ƙarya a kwamfuta, a liƙa shi ya riƙa bin motsin ƙugu. Wuri uku ne aikin ke tona kansa. Na ɗaya, hannu ko mayafi ya gitta ta gaban cikin, dole a yanke shi daban a mayar a sama, in ba haka ba yadin ya haɗiye yatsu. Na biyu haske: waƙar da fitilun aci-bal-bal aka ƙawata ta, hasken yana rawa, in yadin ƙaryar bai yi rawar tare da shi ba sai ya zauna kamar an manna takarda. Na uku dishi-dishin da gudu ke sa wa hoto. In an manta ba a sa wa facin ba, komai na jikinta yana gudu, shi kaɗai yana tsaye tar. Da ya ke an riga an ga ta farkon a YouTube, 'yan kallo sai suka jera hotunan biyu gefe da gefe suna dariya. Rufewar ta fi buɗewar jawo ido.

Lauya_Mai_Hula:
A raba abu biyu, domin ana cakuɗa su. Akwai hukuma, akwai titi. Kama Sutra da hukuma ya yi faɗa, Padmaavat da titi.

Ga yadda hukumar, CBFC, ke aiki ƙarƙashin dokar fina-finai ta 1952. Furodusa ya shigar da takarda. A kafa kwamitin dubawa: jami'in hukuma ɗaya da mutum huɗu daga cikin masu ba da shawara, kuma dole da mata a ciki. Su kalla, su ba da ɗaya daga cikin shaidu: U na kowa da kowa, UA yara da rakiyar iyaye, A na 'yan shekara 18 zuwa sama, S na wasu ma'aikata kamar likitoci. In sun nemi a yanke wani wuri, sai a rubuta wa furodusa, ya zo ya kare kansa. Bai gamsu ba, a tafi kwamitin sake dubawa, da sabbin mutane. A da akwai kotun ɗaukaka ƙara ta fina-finai, FCAT, amma an rushe ta a Afrilu 2021, yanzu sai Babbar Kotu kai tsaye, wadda ta fi tsada ta fi cin lokaci. A 2023 kuma aka tsaga UA gida uku: 7, 13 da 16.

Padmaavat takardarsa ta farko dawo da ita aka yi a Nuwamba 2017, wai ba a cike gurbin da ke cewa tarihi ne ko ƙagagge ba. A ƙarshen Disamba aka ba shi UA da gyara biyar: a sauya suna daga Padmavati zuwa Padmaavat don a jingina shi ga waƙar Jayasi ba ga sarauniya ba, a rubuta cewa ba ya da'awar tarihi, a rubuta cewa ba ya goyon bayan al'adar ƙona mata tare da gawar mazajensu, a gyara Ghoomar, a gyara wasu sunayen wurare. Shi ke nan. Hukumar Ingila ma ta riga ta Indiya ba shi shaida, ta ce ɗan shekara 12 na iya gani.

Gwaggon_Yara:
To in hukuma ta yarda, su wane ne suka hana?

Lauya_Mai_Hula:
Gwaggo, gwamnatocin jihohi ne: Rajasthan, Gujarat, Haryana da Madhya Pradesh, da sunan tsaron lafiyar jama'a. Ranar 18 ga Janairu 2018 Kotun Ƙoli ta dakatar da hanin, ta ce in hukuma ta ba fim shaida, aikin jiha ta tsare masu kallo, ba ta rufe ƙofa ba. Ba sabon hukunci ba ne, tun 1989 a shari'ar S. Rangarajan kotu ta ce barazanar zanga-zanga ba hujja ba ce ta danne fim. Sai dai kotu na iya hana gwamna, ba ta iya tilasta wa mai sinima ya buɗe.

Dan_Kwari:
Nan ne maganar take. Mai sinima lissafi yake yi. A manyan gidajen kallo, makon farko kusan rabin cinikin tikiti bayan haraji na mai rarraba fim ne, rabi na mai gida, daga nan kason mai rarrabawa ya riƙa raguwa mako-mako. To ka auna rabin cinikin mako ɗaya da kuɗin allo, kujeru, gilasan gaba da motocin 'yan kallo da ke ajiye a waje. An ƙona motoci da babura a bakin manyan kantuna a Ahmedabad kwana biyu kafin fitowar fim ɗin. Washegari aka yi wa motar 'yan makaranta ruwan duwatsu a Gurugram. Ƙungiyar masu manyan sinimomi ta ce ba za ta haska a Rajasthan, Gujarat, Madhya Pradesh da Goa ba, duk da hukuncin kotu. Amma duk da an rasa waɗannan kasuwannin, fim ɗin ya tara sama da kror 500 a duniya. Kror ɗaya rupi miliyan 10 ne, ku lissafa. Gobarar Titi ke nan.

Yar_Damagaram:
Kuma abin dariya, fitowar da aka yi duk tarzomar dominta babu ita. Jita-jita ce aka baza cewa akwai mafarkin da Khilji ya yi yana soyayya da sarauniya. A kanta 'yan Karni Sena, wata ƙungiyar Rajput, suka auka wa wurin ɗauka a ganuwar Jaigarh a Janairu 2017, suka mari darakta Sanjay Leela Bhansali. A Maris aka cinna wa kayan aiki wuta a Kolhapur. Bhansali ya fito a bidiyo ya rantse babu. Da fim ya fito aka ga babu ɗin, har wani ɓangare na ƙungiyar ya dawo ya ce ai ɗaukaka Rajput fim ɗin ya yi. 'Yan kallon da suka fi kowa zafi su ne waɗanda ba su kalla ba.

Anti_Balaraba:
Kun bar Kama Sutra a baya, kuma shi ne ya fi ban sha'awa wajen yadda mutane suka karɓe shi. Sunan ya yi masa illa ta fuska biyu. Wanda ya je don sunan ya tarar da labarin kishi da baƙin ciki, ya fito yana tsaki. Wanda labarin zai burge kuma, kunya ta hana shi tsayawa a layin tikiti ƙarƙashin wannan fasta. Asalin ƙashin labarin daga wani gajeren labari ne na Urdu na Wajida Tabassum mai suna Utran, wato kwance. Kuyanga ce ta tashi tare da gimbiya, duk rayuwarta kwancen gimbiyar take sawa. Daren auren gimbiya sai ta riga ta zuwa wurin angon, don ita ma ta bar mata kwance wanda ba za ta taɓa cirewa ba. Duk macen da ta san zafin kishi ta gane wannan ba tare da an fassara mata ba. Saura duk sakamakon wannan daren ne: a kori Maya, ta haɗu da mai sassaƙar dutse, ta koyi sana'a a hannun Rasa Devi, wadda Rekha ta fito a matsayinta, ta koma fada a matsayin sa-ɗaka, sarki ya lalace da ƙwaya, a ƙarshe a sa giwa ta take masoyinta.

Shi ya sa Mira Nair ta nemi a ware lokutan kallo na mata zalla a Indiya. Ta san mace ba za ta zauna ta kalli irin wannan cikin ɗaruruwan maza masu fito da ihu ba.

Mai_Majigi:
Anti ta taɓo abin da ya kamata a fahimta game da sinimar Indiya ta lokacin. Gidajen allo ɗaya ne, kujera ɗari takwas, dubu, wasu fiye. Tikiti mafi araha a gaba daf da allo, nan samari da leburori ke zama, su ne masu fito da watsa tsaba in waƙa ta yi musu. Baranda a sama ta iyali ce. Fim mai shaidar A yakan faɗa hannun gidajen da suka saba da kallon safe, inda ake haska fina-finan batsa masu araha, kuma da zarar an ga fasta a irin wannan gida, iyali sun yanke hukunci.

Sannan akwai maguɗin da ke ɓata suna. Fim na 35mm yana cin ƙafa 90 a minti, firam 16 a kowace ƙafa, shi ya sa takardar yanka ta hukuma a ƙafa da firam ake rubuta ta. Mai haskawa marar gaskiya sai ya samo guntun da aka yanke, ko ma guntun wani fim daban, ya tsinka faifai ya liƙa shi da salatif, ya haska, kafin sufeto ya zo ya cire. A Kerala da Bangladesh abin har suna gare shi. Laifi ne a doka, amma labari yana bazuwa cewa gidan wane suna sa "cikakke", sai layi ya yi tsawo. Yanzu da fim ke zuwa a kulle cikin na'ura, da mabuɗin da ke aiki a kan majigi ɗaya na kwanaki ƙididdigaggu, wannan ƙofar ta rufe a manyan gidaje.

Dan_Zongo:
Malam Mai Majigi, ta yaya 'yan kallo ke gane an yanke? Domin an ce suna ihu daidai wurin.

Mai_Majigi:
Kunne ne ke faɗa musu. A jikin faifai, sauti ba ya zaune kusa da hotonsa, yana gaba da firam 21, saboda idon da ke karanta sauti yana ƙasa da tagar hoto. In aka sa almakashi a kwafin da ake haskawa, hoto zai tsallaka zuwa sabuwar fitowa, amma na kusan daƙiƙa ɗaya za ka ci gaba da jin sautin farkon abin da aka cire, kalmar farko ta sabuwar fitowar kuma ta ɓace. Ga kuma ɗan "ƙwas" a wurin liƙin. In furodusa ne ya yanke a ɗakin aiki, wannan ba ya faruwa, amma kiɗa yana tona shi: ganga ta tsallake bugu, ko sarewa ta katse a tsakiyar numfashi. Gyaran ƙwarai shi ne a sake haɗa kiɗan, a toshe ramin da hoton fitila ko labule ko ruwan tafki. Wannan kuɗi ne, ba kowa ke kashewa ba.

Malam_Tarihi:
In koma kan maganata ta farko da misalai, don kar a ce Padmaavat kaɗai na riƙe. Jodhaa Akbar na 2008, fim mai kunya ƙwarai, sa'a uku da rabi ango na lallashin amarya. Ba a haska shi a Rajasthan ba. Dalili suna: matar sarki Akbar na daular Mughal 'yar Raja Bharmal ce ta Amer, an ɗaura auren a 1562, takardun Mughal Mariam-uz-Zamani suke kiranta, masu ƙorafi kuma suka ce Jodha matar ɗansa Jahangir ce, an aura wa suruki surukarsa. Ƙarƙashin wannan akwai abin da ba a son tunawa, cewa sarakunan Rajput sun ba Musulmi 'ya'yansu. Bajirao Mastani na 2015, zuriyar Peshwa, wato gidan waziri Bajirao, suka yi ca a kan waƙar Pinga, inda uwargida Kashibai da amarya Mastani ke rawa tare. Suka ce Kashibai na da ciwon ƙafa, kuma matar gidan Peshwa ba ta rawa a gaban jama'a. Yanzu ɗauki Utsav na 1984, na Girish Karnad, Rekha a matsayin Vasantasena, daga wani wasan kwaikwayo na Sanskrit. Ya fi waɗannan biyun nuna jiki nesa ba kusa ba, har marubucin littafin Kama Sutra an sa a ciki yana leƙe yana rubutu, Amjad Khan ne ya fito a matsayinsa. Ba a jefi kowa ba. Mutane ƙin zuwa kawai suka yi, furodusa Shashi Kapoor ya tafka asara.

Ustaz_Na_Gwale:
Malam, hujjarka tana da kyau amma tana da rami. Kama Sutra da Turanci aka yi shi, jaruman Indira Varma da Naveen Andrews da Sarita Choudhury duk tashin waje ne, a lokacin ba wanda ya san su a ƙauyen Rajasthan. Utsav kuma fim ne na 'yan boko. Wuta ba ta cin inda babu ciyawa. Padmaavat manyan taurari uku ne, da tallar da ta shiga kowace waya. Ka ƙara da cewa ranar fitarsa ta farko 1 ga Disamba 2017 ce, zaɓen Gujarat kuma 9 da 14 ga watan. Da walakin, goro a miya. A 1998 babu WhatsApp da zai kai jita-jitar mafarki gari dubu kafin azahar.

Lauya_Mai_Hula:
Ustaz, to Fire fa? Na Deepa Mehta, labarin soyayya tsakanin mata biyu, shi ma ƙaramin fim ne, shi ma asalinsa da Turanci, a 1998 ɗin dai ya fito a Indiya. A Disamba 'yan jam'iyyar Shiv Sena suka farfasa sinima a Mumbai da Delhi. Babu WhatsApp. Matan biyu na labarin sunansu Radha da Sita, har sai da aka mayar da Sita ta koma Nita a kwafin Hindi. Ka ga suna ya sake fitowa.

Ustaz_Na_Gwale:
Wancan batun da ya ɗauko ne ya ja masa, ba suna kaɗai ba. Kuma nan ma jam'iyya ce ta turo mutane, ba 'yan kallo ne suka tashi daga kujera don kansu ba. Ni abin da nake so a bambance ke nan: ɗan kallo daban, ɗan haya daban.

Yar_Damagaram:
Akwai 'yan kallo na gaske da suka fusata bayan sun kalla, sai dai ba su ɗauki dutse ba. Kashi biyu ne. Musulmi da malaman tarihi da suka ga an mayar da Khilji dabba: gashi buzu-buzu, baƙin kaya, yana yagar nama da haƙori, fadarsa kullum cikin duhu, ta Rajput kuma fes cikin hasken rana. Alhali sarkin da ya mulki Delhi daga 1296 zuwa 1316 ne, ya kori Mongol sau da dama, ya ƙayyade farashin hatsi a kasuwa. Azzalumi ne a yaƙi, amma ba mahaukaci ba. Malesiya hana fim ɗin ta yi gaba ɗaya. Kashi na biyu mata ne da suka ƙi jinin ƙarshen, inda ɗaruruwan mata cikin jajayen kaya, har da mai ciki da ƙaramar yarinya, ke tafiya cikin wuta da kiɗa mai tsuma rai. Jaruma Swara Bhasker ta rubuta wa Bhansali buɗaɗɗiyar wasiƙa a kan haka, aka yi mata rubdugu a intanet. Kar a manta tun 1987, bayan an ƙona Roop Kanwar tare da gawar mijinta a Deorala, Indiya na da dokar da ta haramta ko da kambama wannan al'ada.

Edita_Zoo_Road:
Kuma in sha'awa ake nema a Padmaavat, ba wurin sarauniya take ba. Duk an tattara ta an ɗora wa Khilji: wankan baho, bawansa Malik Kafur na rera masa waƙa. Darakta ya san inda aka sa masa ido, sai ya kai kayan inda babu mai gadi.

Anti_Balaraba:
Wannan dabarar tsohuwa ce. Fitowar da har yau Indiyawa ke cewa ta fi kowace tsuma zuciya tana cikin Mughal-e-Azam na 1960: Dilip Kumar na shafa fuskar Madhubala da gashin tsuntsu, babu magana ko ɗaya, muryar Bade Ghulam Ali Khan na tashi daga nesa. Kowa da kayansa a jiki. Kusantar kyamara ce, da jinkiri, da yadda gashin ke rufe fuskokin daidai lokacin da ido ke jiran gani. Abin da aka ɓoye ɗan kallo ne ke ƙarasa shi a ransa, hukuma kuma ba ta da almakashin da ke kaiwa can. Kama Sutra ya nuna komai, Declan Quinn ya ɗauki hoto mai kyan gaske har ya ci kyauta a Amurka, amma masu sharhi da yawa sun ce ido ya ƙoshi, zuciya na jin yunwa. Turancin ma bai taimaka ba. Kalaman soyayyar fada da harshen Ingilishi sai suka fito kamar karatun allo.

Malam_Tarihi:
Anarkali ma, wadda Madhubala ta fito a matsayinta, ba ta da jikoki, ku lura. Wasan kwaikwayo na Imtiaz Ali Taj na 1922 ne ya raya ta.

Gwaggon_Yara:
Ni tambayata ta gida ce. Waɗannan da ake fassarawa Indiya-Hausa, ana zuba wa yara a waya, wanne ne za a bari a falo?

Edita_Zoo_Road:
Gwaggo, ki fara duba takardar da ke fitowa a farkon fim, harafin na nan ɓaro-ɓaro. In an yanke ta, ki nemi sunan fim ɗin na asali ki duba. Mai shaidar A ba na falo ba ne ko an tace. Kama Sutra da Utsav ba sa gyaruwa da almakashi, domin abin da za a cire shi ne ginshiƙin labarin. Ki cire daren auren, korar Maya ta zama ba dalili. Jodhaa Akbar ba shi da matsala sai tsawo. Bajirao Mastani da Padmaavat UA ne, amma ni na fi jin tsoron wutar ƙarshen Padmaavat a kan yaro fiye da kowace rawa. Kuma a sani, shaidar Indiya ba ta Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ba ce, ma'auninsu daban, abin da ke yawo a waya kuma sau da yawa bai bi ta hannun kowa ba.

Dan_Zongo:
Masu fassara wace kalma za su ba irin su Rasa Devi da Vasantasena? In aka ce karuwa an rage musu, in aka ce zabiya an tsarkake su.

Malam_Tarihi:
Babu kalma ɗaya da ta ɗauke. A tsohuwar Indiya ganika ake ce mata, mace mai gidan kanta da dukiyarta, wadda ta ƙware a fannoni 64, daga waƙa da rawa har haɗa turare da dara da kacici-kacici. A zamanin Mughal tawaif. Ba ƙwarƙwara ba ce, domin ƙwarƙwara mallakar mutum ɗaya ce. Maya ce ta zama kamar sa-ɗaka bayan ta koma fada. Shi kansa littafin da fim ɗin ya ari sunansa kashi bakwai ne, ɗaya kawai ke magana kan abin da mutane ke zato, sauran neman aure ne, zaman gida, zama da kishiya, da yadda ɗan birni zai tsara yininsa. Fim ɗin ba fassarar littafin ba ne. Haka gumakan wuraren bauta na Khajuraho da aka ɗauki wani sashe a wurinsu, wajen kashi ɗaya cikin goma ne ke da irin wannan siffa, amma su kaɗai ake bugawa a kati.

Sarkin_Kallo:
To yanzu Malam ya ce kakar wa, Ustaz ya ce zaɓe da girman fim, Anti ta ce salon nunawa. Ustaz, in zaɓe ne, me ya hana a huce bayan 14 ga Disamba?

Ustaz_Na_Gwale:
Akwai zaɓen cike gurbi a Rajasthan ranar 29 ga Janairu, Ajmer da Alwar, kwana huɗu bayan fitar fim ɗin. Duba kalanda, Malam Sarki.

Yar_Damagaram:
Madubin da 'yan Karni Sena suka fasa a fadar Padmini da ke Chittor a Maris 2017 fa, wane zaɓe ne a lokacin? Masu yi wa baƙi jagora sun shekara da shekaru suna nuna shi suna cewa ta cikinsa Khilji ya hango fuskarta, ba wanda ya ce uffan sai da aka ji Bhansali zai sa a fim.

Mai_Majigi:
Kuma ya sa fitowar hangen, sai dai ya turnuƙe wurin da hayaƙi, aka ja labule kafin Khilji ya ga komai. Edita, ka duba min ko daƙiƙa nawa ce wannan ɗaukar, ina zargin ba ta kai biyar ba.